Bazarar da Kawu Ya Daina Gumi

A shekarun da jam'iyyu suka cika garin Maraɗi, kowace unguwa da tutarta da mawaƙanta, ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a unguwar Zariya. Sai dai koyarwar ba ta da yawa. Yau malamai ke yajin aiki, gobe ɗalibai, jibi kuma a rufe ko'ina ana jiran abin da zai fito daga Yamai. Na sami kaina da lokaci fiye da yadda na saba, ni kuwa ban iya zaman ɗaki ba. Shi ya sa na riƙa hawa kabu-kabu ina zuwa Tibiri wurin kawuna.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Tela ne, ya yi shekaru yana taka keke a wata rumfa a Sabon Gari. Tun yana saurayi ya shiga addinin Kirista, dangi suka yi fushi, fushin ya daɗe har ya gaji ya kwanta. Lokacin da na yi wayo shi ke ɗinka mana kayan salla, mu kuma mu je cin shinkafarsa ranar Kirsimeti. Matarsa ta rasu ba su haihu ba. Da ƙafafunsa suka soma zafi da tsikari har ya kasa taka keke, mahaifiyata ta ce ya dawo gidanmu. Ya ƙi. Ya ce 'yan majami'arsu suna da wani gida a Tibiri inda suke riƙon tsofaffi, can zai fi jin daɗi, yana jin ƙararrawar Lahadi daga ɗakinsa.

Gidan ba babba ba ne. Ɗakuna ne a jere suna kallon wani dogon yaro mai faɗin inuwa, da randa biyu a gindinsa. Irin wannan gida baƙon abu ne a wurinmu, don tsoho a cikin iyalinsa yake zama, shi ya sa mutane kan leƙo su ga su wane ne. Tsofaffin 'yan kaɗan ne, waɗanda nasu suka ƙare ko suka yi nisa, kuma ba duka Kiristoci ba ne. Mai kula da su wata bazawara ce mai ƙiba da saurin dariya, kowa Inna yake ce mata. Ita ke girki, ita ke wanki, ita ke raba magani safe da yamma.

Da farko zuwa wurin Kawu ya fi zuwa ko'ina daɗi. Rediyonsa kullum a kunne, ya san wace jam'iyya ta ƙulla da wace, wa ya zagi wa a majalisa. Idan na zauna sai ya kama bakin zanena ya duba ɗinkin, ya girgiza kai.

"Wane ne ya yi miki wannan aika-aika, ɗiyata? Wannan ai ba tela ba ne, mai faci ne."

A ɗakin da ke kusa da nasa akwai wata tsohuwa da muke kira Iya, wadda ta yi sana'ar ƙuli-ƙuli a Jiratawa kafin ƙarfinta ya ƙare. Ita da Kawu ba sa shiri a siyasa ko kaɗan. Ita ba ta san sunan ko ɗan takara ɗaya daidai ba, amma ta san duk wanda Kawu ya yaba to maƙaryaci ne. Haka suke wuni a inuwa suna musu, Inna tana tankaɗe tana dariya.

Bayan an karya darajar sefa, magani a farmasi ya yi tsadar da mutane suka daina shiga. Sai masu tallar magani a faranti suka yawaita, suna shigowa da kaya daga ƙetaren iyaka, ƙwayoyi ja da rawaya da fari a ɗaure cikin leda. Ba ni kaɗai ba, kowa ya saba da ganinsu kamar masu tallar goro. A wannan lokacin ne Kawu ya soma sauyawa, amma a hankali, yadda ban iya cewa ga ranar da abin ya fara ba.

Abin da na fara lura da shi barci ne. Zan iso da hantsi in tarar da shi a kujerarsa, haɓa a ƙirji, rediyo tana ta surutu ita kaɗai. In tashe shi mu gaisa, kafin in gama ba shi labarin gida ya sake lumshewa. Na tambayi Inna ko ba ya barci da dare ne.

"Yana yi mana," in ji ta. "Da ne ba ya yi. Yanzu kam da na ba shi ƙwayarsa shi ke nan, sai safe."

To mutumin da ya kwana yana barci, me ya sa yake wuni yana gyangyaɗi? Wannan tambaya ta zauna mini a rai. Na tambaye shi kansa wata rana da na same shi ido biyu.

"Barcin nan ba ya ƙosar da ni," ya ce. "Kamar a jefa ka cikin rijiya a rufe. Da safe a buɗe a fito da kai, da gajiyarka yadda ka shiga da ita."

Maganarsa ma ta sauya. Harshensa na mannewa, kana jin ɗan ƙas-ƙas idan yana magana, kullum da moɗa a hannu yana kurɓar ruwa. Tuwo ya gagare shi haɗiya sai an tsinka da miya sosai. Ya daina karanta Littafinsa, ya ce baƙaƙen sun narke. Sai kuma ga wata sabuwar ɗabi'a. Zai zauna yana tsintar wani abu a jikin rigarsa da yatsu biyu, ya ja shi a hankali, ya yar a ƙasa, ya sake tsinto wani.

"Kawu, me kake cirewa?"

"Zare ne. Ba ki gani ba? Duk ya bi ni."

Na duba rigar, babu ko sili. Amma yadda yake jan zaren, yana naɗe shi a yatsa kamar yadda na sha ganinsa yana yi a rumfa, sai da na sake sunkuyawa na duba da kyau.

Kowa da abin da ya ce. Mahaifiyata ta ce ruɗewar tsufa ce, haka ta yi wa kakarsu. Wata maƙwabciyarmu ta ce a nemo mai ruƙiyya, ko da shi ba Musulmi ba ne iska ba ta tambayar addini. Fasto ya zo da dattawan majami'a suka yi masa addu'a. Ni dai abin da ya hana ni yarda da maganar tsufa shi ne Iya. Ita ma ta yi shiru. Musun siyasa ya mutu a gidan. Sai ka shigo ka ga mutum biyu a inuwa ɗaya kowa ya sunkuyar da kai, ƙuda na yawo a kansu. Na riƙa tambayar kaina, tsufa annoba ce da za ta kama mutum biyu a wata ɗaya?

Sai bazara ta shigo, irin bazarar Maraɗi da ko ƙarfen ƙofa ba ka iya taɓawa da azahar. Wata rana na iso jiƙe sharkaf, ɗankwalina har ɗiga yake. Inna tana bakin murhu, gumi na bin wuyanta. Na durƙusa gaban Kawu na kama hannunsa don mu gaisa, sai na ji shi zafi rau kuma bushe ƙamas, kamar tukunyar da aka manta a rana. Na shafa goshinsa, babu ɗigon gumi. Fuskarsa ta yi wani irin ja-ja. Na tashi na je na taɓa Iya, ita ma haka. Akwai wani tsoho makaho a ɗakin ƙarshe wanda bai yarda da maganin Nasara ba sam, sai jiƙonsa na sabara. Na je na gaishe shi na riƙe hannunsa fiye da yadda gaisuwa ke bukata. Tafinsa a jiƙe yake, rigarsa ta manne masa a baya.

Na koma gida a kan kabu-kabu ina ta juya abin. Ban san ma'anarsa ba, amma na san na ga wani abu.

Ba a daɗe ba aka yi suna a Sabon Gari, na haɗu da wata ƙawata da muka yi lise, wato sakandare, tare. Ita ta wuce karatun likita, ta dawo tana aiki a gari, su ma a lokacin aikin nasu rabi ne saboda yajin aiki. Muna cin waina a tsakar gida cikin hayaniyar mata na ba ta labari, ba don neman magani ba, don dai abin ya ƙi barin kaina. Da na zo kan maganar gumi sai ta ajiye wainar.

"Bakinsa na bushewa?"

"Kamar ƙasa."

"Bayan gida fa?"

Na ce Inna ta yi kukan cewa sai ya yi kwanaki bai zaga ba.

"Fitsari?"

Wannan ban sani ba. Ta ce in je in tambaya, kuma in gaya wa mai kula da su ta tara duk wani magani da ke gidan, har kwalaben da suka ƙare, kada ta zubar da komai. Za ta zo ranar Asabar.

Ba mu kai Asabar ba. Washegari da safe ina shiga gidan na tarar da Kawu a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, goshinsa da ƙulu, yana nishi yana dafe da mara. Inna ta ce tun jiya yake zarya zuwa makewayi ba abin da ke fita, da gari ya waye ya miƙe zai sake zuwa jiri ya kwashe shi. Bai gane ni ba. Ya kira ni da sunan matarsa, ya ce in rufe rumfa ruwa zai sauko. Ban zauna ba, na juya na tsayar da mai kabu-kabun da ya kawo ni, muka koma Maraɗi in ɗauko ƙawata likita.

Ƙawata ta zo da 'yar jakarta. Ta sa aka shigar da shi ɗaki, ta kira ɗaya daga cikin dattawan majami'a ya riƙe shi, ta sa masa robar fitsari. Muna waje ni da Inna muna jin nishin yana raguwa har ya tsaya. Da ta fito ta wanke hannu, ta ce a shimfiɗa tabarma a inuwa a kawo magungunan.

Ban taɓa zaton gida mai tsofaffi 'yan kaɗan zai tara magani haka ba. Inna ta fito da gwangwanin madara cike da ƙwayoyi, da wani kwali da aka aiko wa majami'a daga waje, da kwalaben siro, maganin ruwa ke nan, da ƙulle-ƙullen leda na masu faranti. Likita ta zauna ta miƙe ƙafa kamar mai tsintar wake, tana ɗaga kowanne tana tambaya.

"Inna, wannan fa?"

"Na zafin ƙafarsa ne. A asibiti aka rubuta masa tun kafin ya zo nan."

"Wannan ƙaramin rawaya?"

"Na mura. Da muka ga yana sa barci sai muka ci gaba da ba shi da dare. Ita ma Iya shi take sha."

"Siron nan?"

"Na cin abinci ne. Wani ɗan majami'a ya kawo da ya ga sun rame."

"Wannan kuma?"

"Na murɗar ciki. Tun da cikin ya ɗaure yake kuka da shi."

Akwai kuma na ƙaiƙayi, wanda ya fito daga cikin kwalin. Ta ware waɗannan gefe guda, sauran ta tura can. Na matso kusa, don ni a idona ba abin da ya haɗa su. Launinsu daban, ciwon da aka ba da su dominsa daban, hanyar da suka shigo gidan ma daban.

"Me ya haɗa maganin mura da na ƙafa?" na tambaye ta.

Ta ce a jikin mutum akwai wani ɗan saƙo da jijiyoyi ke aikawa. Shi ke gaya wa baki ya kawo yawu, fata ta kawo gumi, hanji ya motsa, mafitsara ta matse, ido ya daidaita a kan abin da ke kusa. Shi ne kuma a cikin kai yake riƙe wa mutum hankalinsa a farke, yake taimaka masa ya tuna. Waɗannan magunguna, kowanne bayan aikin da aka san shi da shi, yana tare wa saƙon nan hanya kaɗan. Ta faɗi sunan jinsinsu da Faransanci, antikolinerjik, na maimaita sau biyu kafin harshena ya kama.

"Ke da ni za mu sha guda mu yi gyangyaɗi mu warware," ta ce. "Tsoho kuwa saƙon nasa dama ya ragu, kuma maganin yana daɗewa a jikinsa bai fita ba. To ga shi an haɗa masa har wannan tarin."

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ɗaya ya jawo ɗaya. Maganin barci ya busar da baki, abinci ya ƙi haɗiyuwa, aka kawo siron cin abinci. Siron ya ƙara ɗaure ciki, cikin ya yi ciwo, aka kawo na murɗa. Fata ta bushe ta yi ƙaiƙayi, aka buɗe kwali. Kowa da ya kawo nasa, tausayi ne ya sa shi.

Inna ta yi tagumi, idonta ya cika. "Ashe da hannuna nake..."

"Inna, ko a asibiti ana haɗa su haka ba a lura ba," likita ta katse ta. "Da ba ki san wanne ne na mene ne ba, da yanzu muna nan muna lalube. Ki share hawayenki, aiki na gabanki."

Na ɗauka za ta ce a kwashe duka a zuba a masai. Ba ta ce haka ba. Na mura da na ƙaiƙayi da siron da na murɗa ta ce a janye su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙafa kuwa, da yake ya daɗe yana sha, ta ce yanke shi farat ɗaya zai wahalar da shi, a riƙa ragewa sannu-sannu, ita za ta riƙa zuwa tana dubawa. Ta ce a ba su ruwa da yawa, da kwaɗon zogale, a fito da su su sha hasken safe, kada a bar su su wuni a kwance, shayi kuma a daina bayan la'asar. Ta yi wa Inna kashedi cewa kwanakin farko ba za su yi daɗi ba.

Ba su kuwa yi ba. Duk safiyar da na zo, Inna da jajayen idanu take tarona. Kawu bai runtsa ba, Iya ta kwana tana kiran a ba ta 'yar rawayarta. Har sau ɗaya Iya ta aiki wata mai kawo nono ta sayo mata a ɓoye, Inna ta gano a ƙullin zanen Iya, aka yi rigima har makahon ɗakin ƙarshe ya sa baki. Ni kaina na soma shakka. Mutum yana barci an hana shi, wannan gyara ne?

Amma fitsari ya dawo, aka cire robar. Tsintar zare ta ragu, sannan wata rana na lura na yi wuni guda ban ga ya kai hannu ga rigarsa ba. Bayan wasu makonni na iso na same shi zaune ya jingina da dogon yaro, yana fifita da murfin kwano, gumi ya tsattsafo masa a hanci. Ban taɓa jin daɗin ganin gumin mutum kamar ranar ba. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kin rame, ɗiyata. Gwamnatin taku har yanzu ba ta buɗe lakwal ba?"

Na zauna na tambaye shi me yake tunawa na watannin nan. Ya ɗan yi lalube a ransa. Ya ce kaɗan ne, kamar abin da aka ba shi labari. Zaren kuwa ya tuna shi sarai, fari ne, mai kyau, irin wanda ba a samu yanzu, kuma har ransa ya so ya tara shi. Sannan ya gaya mini abin da ban taɓa tunani a kai ba.

"Kin san na daina mafarki? Duk tsawon lokacin nan ko ɗaya. Shekaranjiya sai ga shi sun dawo tururu, har sun yi mini yawa. Na ga gulbi ya kawo ruwa, ina tsallakawa da keken ɗinki a ka."

Na kai wa ƙawata wannan labari da ɗoki. Ta ce haka ne, irin waɗannan magunguna suna danne ɓangaren barcin da ake mafarki a cikinsa, idan aka janye su sai mafarkin ya dawo da ƙarfi kafin ya daidaita. Na tambaye ta to mene ne amfanin mafarki ga jiki, har rashinsa zai bar mutum da gajiya? Ta yi dariya ta ce wannan ko malamansu ba su gama sani ba. Na daɗe ina jin daɗin wannan amsa, ban san dalili ba.

Barcin Kawu bai koma na saurayi ba. Yakan farka sau da yawa, kuma zafin ƙafar ya ɗan dawo da aka rage maganinsa, har likita ta bar masa kaɗan ta haɗa masa da man shafawa. Ya ce ya yarda da cinikin, gara ƙafa ta yi zafi kai na aiki. Karatu ya dawo masa, sai dai da tabarau.

Iya kuwa ba ta dawo duka ba. Bakinta ya jiƙe, cikinta ya saki, ta daina gyangyaɗin rana, amma mantuwar ta zauna. Likita ta ce ita da ma akwai ruɗewar tsufa a ƙasa, maganin ƙara mata nauyi ya yi, an sauke nauyin, abin da ke ƙasa ya rage. Takan tambaye ni ɗiyar wace ce ni kullum na zo, in gaya mata, ta ce ai ta san uwata, alhali ba su taɓa haɗuwa ba.

Da damina ta kankama sai ta soma maganar Jiratawa, safe da yamma, tana son ganin garinsu. Kawu ne ya matsa a kai ta. Fasto ya samo aron wata tsohuwar mota, muka tafi ni da Inna da su biyun. Lambuna sun yi kore shar, mata na tsinkar zogale a bakin hanya. Iya ba ta gane gidan da ta zauna ba, an rushe an sake gini. Amma da muka bi ta gefen kasuwa, ƙamshin man gyaɗa ya bugo, sai ta ce a tsaya. Wata matashiyar mace ce ke suyar ƙuli-ƙuli. Iya ta sauka da taimakon Inna, ta ɗauki ɗaya ta karya, ta duba cikinsa, ta gaya wa matar cewa wutarta ta yi yawa, waje ya ƙone ciki bai soyu ba. Matar ta rage itace. Muka zauna a kan benci har aka kwashe kasko na gaba, Iya ta ɗanɗana ta ce wannan ya fi.